Irin Alkamar Imm Saliba

Ranar Asabar, ashirin ga Disamba, 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran surukata Milada 'yar Jabra, wadda duk garin Bait Jala, kusa da Baitalami, ya sani da Imm Saliba, wato uwar Saliba. Ta rasu a kan kujerarta ta bakin taga, bayan ta sha gahawa ta kuma yi mini faɗa a kan gishirin da na cika a miyar jiya. Saura kwana goma sha takwas ta cika shekara tamanin da huɗu, domin ranar Kirsimetinmu aka haife ta, bakwai ga Janairu. Washegari bayan sujada muka binne ta kusa da mijinta da ɗanta na fari, Saliba, wanda shi ne mijina.

Mart Ammi, haka na kira ki shekara ashirin da tara, kamar yadda kowace mace a nan take kiran uwar mijinta, kuma haka zan kira ki a wannan takarda. An saba a fara ta'aziyya da alherin mamaci. Zan zo kansa. Amma ke ba ki son kwana-kwana, saboda haka bari in fara da laifina. Na dafa irin alkamarki. Ban bar ko ƙwaya ɗaya ba.

Wanda bai san gidanmu ba zai ce alkama ce kawai, ga ta nan cike da kantuna. Wannan ba ta kanti ba ce. Alkamar Halla ce, ja mai doguwar ƙwaya, wadda kakan mijina yake shukawa a tsakanin itatuwan zaitun na Halla, gonarmu da ke gangaren kwari. Shekara goma sha bakwai ke nan da katangar da sojoji suka gina ta bi ta tsakaninmu da gonar. Daga kan rufin gidanmu ana hango kawunan zaitun ɗin, amma babu ɗayanmu da ya sake taka wurin. A girbin ƙarshe kika ɗebi abin da ya cika ƙaramin tulu kika kai ɗakinki. Tun daga lokacin, kowace shekara idan ruwan sanyi ya sauka kina shuka shi a ɗan filin bayan gida, wanda bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba. A watan Yuni ki yanke da lauje, ki murje da hannu, ki sheƙe a kan rufi, ki mayar cikin tulu. Ba mu taɓa cin sa ba. In an yi miki magana sai ki ce, "Ranar da za a buɗe ƙofar katangar nan, ba zan je gonata hannu rabbana ba."

Ni kam na sha yi miki tsiya. Nakan ce wace ƙofa, Mart Ammi, ga guiwarki ma ba ta kai ki bakin titi. Sai ki ce, "Ke dai riƙe mini rariya, 'yata, surutunki ba ya sheƙe alkama."

Yanzu bari in faɗi alherinki, tunda na yi alkawari.

Tela ce ke, kuma da wuya a sami gida a unguwarmu da ba ɗinkinki a ciki. Rigunan baftisma da kika ɗinka sun wuce ƙirge, wasu an sa wa uwa, an ajiye, an sa wa 'yarta. Ranar idin Burbara, da ake dafa alkama a raba wa maƙwabta, tukunyarki ce mafi girma a layi, kuma kwanon farko ba gidan dangi yake zuwa ba, gidan Imm Rasmi yake zuwa, maƙwabciyarmu Musulma, wadda ita ma ba ta taɓa yanka ragon layya ba tare da cinyar ta shigo mana ba. Kina da baki, wannan kowa ya shaida, har Abuna limamin cocinmu yakan gyara zaman rigarsa in ya hango ki. Amma ban taɓa ganin wanda ya shigo gidan nan da yunwa ya fita da ita ba.

Abin da ba zan manta ba shi ne shekarar 2002. A watan Afrilu, ana cikin dokar hana fita, Saliba ya hau rufi ya duba tankin ruwa da ke yoyo. Harsashin soja ya same shi a can. Ba a kama kowa ba, ba a ma tambayi kowa ba. Ina da shekara ashirin da bakwai, ga yara mata biyu. Bayan addu'ar arba'in yayyena suka zo su mayar da ni gidanmu. Kika tsaya a bakin ƙofa kika riƙe ta da hannu biyu, kika ce, "An ɗauke mini ɗa, ku kuma kun zo ɗaukar 'ya? In Jalila na son tafiya ga hanya nan. In kuwa ku ne kuke so, ku sha gahawa ku koma." Suka sha gahawa suka koma. Ni ma ban san ina son zama ba sai da kika faɗa.

A wannan shekarar ce kuma faranti na bakwai ya samo asali, kuma shi ne abin da muka fi yin faɗa a kansa ni da ke.

Kowane gida a nan, ranar Burbara, sha bakwai ga Disamba, yakan shimfiɗa auduga a faranti, ya watsa ƙwayoyin alkama, ya riƙa yayyafa ruwa, yadda kafin Kirsimeti sun yi kore shar a jera su gaban ɗan kogon haihuwar Yesu da ake haɗawa a falo. Ke alkamar kanti kike dafawa, amma ta faranti daga tulu take fitowa, tafi ɗaya tak. Faranti shida ne a da: namu, na Mitri ƙanen mijina, na 'ya'yanki mata uku, da na coci. Na bakwai na Ahuba ne.

Ahuba Bayahudiya ce, mazauniyar Ƙudus. Iyayenta daga Bagadaza suka zo, shi ya sa take Larabci mai kauri irin nasu, wanda kike kwaikwaya ki yi ta dariya. Shekara goma sha ɗaya kuka yi kekenki na gefen nata a wani shagon ɗinki, zamanin da mutum kan hau mota daga nan ya sauka a Ƙudus ba wanda ya tambaye shi takarda. Da aka kashe Saliba ta buga waya. Ina tsaye kika ji muryarta, kika ajiye kan wayar. Wata huɗu bayan haka 'yarta Sigal, mai koyon aikin jinya, ta hau motar haya da safe, wani saurayi daga cikin namu ya ta da bam a ciki, ta mutu. Da labarin ya iso, kin yini ba ki taɓa keke ba. Da la'asar kika buga mata. Na fi rabin awa ina jiran in ji abin da za ki ce. Ba ki ce komai ba, kuma ita ma daga can ba ta ce ba. Kuna riƙe da waya kawai, ku biyu.

Da Burbara ta zo kika fito da faranti bakwai. Anton, yayan matar Mitri, shi ke da katin zama na Ƙudus da motar da ake bari ta wuce shingen soja, shi kika ɗora wa aikin. Shekara ashirin da uku yana ɗaukar farantin tsiro a kujerar gaba, jajiberin Kirsimeti, yana tuƙi a hankali kamar mai ɗauke da amarya. Halti yake kiran ki, wato gwaggo, kuma kullum in ya dawo da labarinsa.

"Halti, yau ma sai da sojan ya leƙo. Ya ce mene ne wannan? Na ce ciyawa ce. Ya ce ta mece ce? Na ce ta Kirsimeti. Ya ce wa za ka kai wa? Na ce wata tsohuwa Bayahudiya. Ya dube ni kamar na sha wani abu, ya ce wuce, wuce."

"Ka dai kai shi a tsaye ko ka kifar?"

"Haba Halti, ko ƙwai ne ai ya isa lafiya."

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka ke mai sanyin hali ce da ta yafe komai ta manta. Tun shekarar da katanga ta ci gonar, farantin bai sake tafiya shi kaɗai ba. Kin haɗa shi da saƙo, kuma sai Anton ya maimaita miki shi kafin ya ta da mota: "Ka ce mata ina gaishe ta. Ka ce mata alkamar Halla ce. Ka ce mata gonar tamu ce har gobe." Amsar da yake dawowa da ita ba ta taɓa canzawa ba: "Ka ce mata na sani."

Wannan "na sani" ya sha ƙona mini rai. Ta sani, sai me? Saninta ya buɗe ƙofa? Gaskiya ne sau biyu ta zo kotu lokacin shari'ar gonar, da sandarta, ta zauna a bencinmu, mutanenta suna hararar ta. Na ga wannan da idona, ba zan ɓoye ba. Amma shari'ar ba ta ba mu komai ba, ita ta koma gidanta ba shinge, mu muka bi layi. Ban taɓa yi mata magana da ta wuce gaisuwa ba, kuma ban yi niyya ba.

Faɗa mafi muni shi ne na Kirsimetin farko bayan ɓarkewar yaƙin Gaza, shekarar da ba a kunna fitilun bishiyar Kirsimeti a dandalin Baitalami ba. Mitri ya shigo ya ga faranti bakwai a bakin taga, ya ƙirga da yatsa. Yumma yake kiran ki, wato mama.

"Yumma, bana ma? Ana tono yara daga ƙarƙashin gini, ke kina aika musu ciyawa?"

"Ba musu nake aika wa ba. Ahuba nake aika wa."

"Duk ɗaya ne."

"In duk ɗaya ne, to kai ne ka kashe Sigal ke nan. Kai ne?"

Ni na karɓe masa, na ce Mart Ammi, wace salama kike jira, mutanen nan ba su san muna nan ba. Kika cire tabarau kika dube ni, kika ce, "Almasihun da aka haifa a can ƙasan tudu, a Baitalami, kina tsammanin gari lafiya aka haife shi? Da sojoji a titi aka haife shi, ana ƙidayar mutane kamar awaki. A cikin wannan aka yi wa makiyaya shelar salama, ba a jira sojojin sun tafi ba. Ni ban ce na yafe gonata ba, ban ce na manta ɗana ba. Hakkina ina nema har in mutu. Amma ba zan bari su koya mini ƙin matar da muka raba gurasa shekara goma sha ɗaya ba. Sun karɓi abin da suka karɓa, wannan kuma ba su samu." Daga nan kika mayar da tabarau kika ce in kawo miki ruwan yayyafi.

Bana ruwan sama ya makara, saboda haka ba ki shuka bayan gida ba tukuna. Ƙafarki kuma ta ƙi, hawa da sauka ya gagara. Abin da ban sani ba shi ne, ranar Burbara da na fita rabon kwanuka, kin juye irin duka daga tulu zuwa wani gwangwanin man zaitun da babu komai a ciki, kin ajiye shi a ɗakin girki inda hannunki zai kai, kin wanke tulun kin kife. Kika shuka farantanki bakwai. Bayan kwana uku kika tafi.

Gidan makoki ba ya kafa bishiya, ba ya haɗa kogo, ba ya jera kore. Da mata suka cika gida ranar Asabar suna neman wurin ajiye kofunan gahawa, wata ta ce farantan nan fa? Ni da bakina na ce a kwashe. Suka kankare audugar cikin shara, suka wanke, suka ci gaba da aiki. Ban damu ba, a zatona tulu na nan a ɗakinki. Ranar Lahadi da yamma aka tuna ba a tanadi alkamar rahama ba, wadda ake dafawa a kai coci ranar addu'ar uku a raba wa jama'a don tunawa da mamaci. Ta kanti ta ƙare a tukunyar Burbara. Na buɗe gwangwani na ga alkama, na ce Allah ya rufa asiri. Idona a kumbure yake, kaina ba ya tare da ni. Na wanke, na jiƙa, na dafa har ta fashe. Na shanya ta a kan farin ƙyalle, na zuba kirfa da zabibi da rumman, na rufe da garin sukari, na zana gicciye a kai. Ban taɓa yin rahamar da ta yi kyau kamarta ba.

Ranar Litinin Abuna ya yi addu'a a kan tiren, ya tuna mana dalilin da ya sa alkama ce ake kawowa, cewa ƙwaya sai an binne ta take ba da 'ya'ya. Aka rarraba a ƙananan kofuna, kusan mutum ɗari biyu. Amti Aziza, yayar mijinki, mai shekara casa'in da ɗaya da haƙora huɗu, ta kai cokali baki, ta tauna, ta tsaya. Ta tsamo ƙwaya ɗaya ta kai kusa da idonta.

"Wa ya dafa wannan?"

"Ni ce, Amti."

"Ke 'yar nan, a ina kika samo alkamar Halla? Rabona da ɗanɗanon nan tun ina da haƙori."

Ban tsaya sallama da kowa ba. Na fita da baƙaƙen kayana ina gudu a hawan nan namu da ko yara ba su gudu a kansa. Tulu a kife. Gwangwani wayam. Motar shara ta wuce tun safe. Na share ɗakinki da na girki a durƙushe, na zazzage aljihun rigunanki. A rariya na sami ƙwaya uku, su ma dafaffu ne.

Mitri bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya tsaya ya dubi tulun, ya ce, "Katanga ta ci gona, mu mun ci iri. Shi ke nan, an gama." Ya fita. Shekara goma sha bakwai kina riƙe da abu da hannun tsohuwa, soja bai iya raba ki da shi ba, kotu ba ta iya ba, sai ni da kika tsaya wa a bakin ƙofa. Mako biyu na yi ba na iya duban bayan gida. Ruwan da kike jira kuwa sai ga shi ya sauko kamar da gayya.

Ranar Lahadi, huɗu ga Janairu, Anton ya zo ya zauna yana juya makullin mota a hannu. Can ya ce, "To, bana fa? Jibi ne jajiberi." Mitri ya ce, "Ba faranti, ba saƙo. Mai aikawa ta tafi. Kuma kada in ji an shigo mini da komai daga can." Anton ya dube ni ya ce, "Wani ya gaya wa matar kuwa?" Sai a lokacin na gane ba wanda ya gaya wa Ahuba rasuwarki. Wayarki na cikin aljihun tebur a kashe tun ranar.

Ba don ina son ta na kira ta ba, Mart Ammi. Na kira ne don na san da kina iya tashi, da kin tashi kin ci mini mutunci a kan an bar tsohuwa tana jiran faranti daga kabari. Lambarta na rubuce da fensir a cikin murfin kabad ɗin zarenki. Ranar Litinin da safe na buga.

"Ni ce Jalila, matar Saliba."

"Ta mutu," in ji ta. Ba tambaya ba ce. "Sau biyar ina kira."

Na gaya mata rana da yadda abin ya faru. Ta yi kuka irin na tsofaffi, marar ƙara. Na yi niyyar in ce bana ba faranti in ajiye waya. Ban san abin da ya kwance mini baki ba, na ji ina gaya mata komai, gwangwani, tukunya, Amti Aziza, ƙwaya uku a rariya. Matar da ban taɓa ba wa jimla biyu ba, ita na fara yi wa kukan abin. Ta saurara har na gama.

"'Yata, Anton zai iya biyowa gobe?"

"Na ce miki ba farantin."

"Na ji. Ki ce ya biyo."

Ranar Talata, jajiberin Kirsimeti, da azahar, ana jiyo gangunan 'yan sikawut daga Baitalami, Anton ya shigo da abu a naɗe cikin tawul, ya ajiye a kan teburinki. Bai yi barkwancin shinge ba. Na kwance. Kwalba ce babba, irin ta tsami, cike da alkama har wuya. Ja, mai doguwar ƙwaya.

"Wallahi ban sani ba," in ji Anton. "Shekara da shekaru a bakin ƙofa nake miƙa mata in juyo. Yau ta ce in hau rufi. Rabin ganga shida ne a jere, cike da ƙasa. Ta ce a da in farantin ya yi rawaya zubarwa take. Shekarar da na fara kai mata saƙon gonar, ta kasa zubarwa. Ta dasa shi. Da almakashin ɗinki take girbi."

Na sake buga mata. Na ce me ya sa ba ki taɓa gaya mata ba?

"In ce mata me? In ce alkamar gonarki na fita a kan rufina, ke kuwa ba ki da ikon taka gonar? Kunya ta hana ni. Ban taɓa ci ba, 'yata, ko sau ɗaya. Ba tawa ba ce. Ajiya ce."

Mitri yana tsaye a bakin ƙofa duk wannan lokacin. Na san abin da ya rantse a kai shekaranjiya, saboda haka na matsa na tsaya tsakaninsa da tebur, don na shirya mu yi ta a ranar. Ya zagaye ni, ya buɗe kwalbar, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya datsa da haƙori kamar yadda ubansa yake yi. Ya daɗe yana taunawa. Sa'an nan ya ce, "Iri ya dawo. Gonar fa?" Ya dube ni ya ce, "Ina Yumma take ajiye fartanya?"

Ranar Laraba, bayan sujadar Kirsimeti, ranar da za ki cika tamanin da huɗu, muka shuka bayan gida da baƙaƙen kayanmu, ni da Mitri da 'ya'yana. An makara da kusan wata guda. Amti Aziza tana zaune a kan kujera tana cewa mun cika zurfi, ba haka Milada ke yi ba. Na rage tafi biyu a tulu saboda tsaro, na ɗaure bakinsa, na rubuta a jikinsa da manyan baƙaƙe abin da ke ciki. Alkamar addu'ar arba'in kuwa tuni na sayo ta a kanti, kuma na sa Imm Rasmi ta duba ta kafin in ajiye.

Ba a mayar da kwano wayam, ke kika koya mini. Gidan makoki ba ya toya kayan zaƙi, sai na cika kwalbar da zaitun ɗin da kika jiƙa da hannunki a watan Oktoba. Anton ya ɗauka ya nufi ƙofa, na ce ya tsaya. Na ce, "Ka ce mata ina gaishe ta. Ka ce mata na gode. Ka ce mata gonar tamu ce har gobe." Ya ce, "Har da na ƙarshen?" Na ce har da shi, kuma ya maimaita mini. Da yamma ya dawo ya ce, "Ta ce ta sani."

Shekara goma sha bakwai ina jin haushin wannan amsa. Har yau ba ta buɗe ƙofa ba, katanga na nan inda take, wanda ya harbi Saliba yana yawonsa, Sigal ba ta dawo ba. Ban zama ke ba, Mart Ammi, kuma ba na jin zan zama. Amma yanzu na san abin da matar nan take yi da hannunta bayan ta ce ta sani, tana hawa bene da sanda da butar ruwa. Yau kwana goma sha biyu da shuka. Da safe na leƙa, ƙasar ta tsage, kore ya fito layi-layi, har inda Amti Aziza ta ce mun cika zurfi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mitri da iyalinsa, da 'ya'yanki mata Farida da Nahil da Widad, da jikokinki na nan da na ƙasashen waje, da Amti Aziza wadda ta ce kin yi mata rashin kunya da kika riga ta, da Imm Rasmi da dukan maƙwabta. Ina miƙa ta kuma ga Ahuba a Ƙudus, wadda ba ta sami zuwa jana'izarki ba, kuma laifinmu ne.

Ubangiji Yesu Almasihu, wanda aka haifa a ƙasar nan ana cikin tsoro, ya ji ƙanki, ya gafarta miki, ya ba ki hutu tare da tsarkakansa inda babu ciwo, babu shinge. Ya sada ki da Saliba. Ya ta'azantar da kowace uwa da ta binne ɗa, a Gaza da Ƙudus da nan. Ya saukar da adalci a ƙasar nan, ya biyo da salama, ya sa waɗanda suka ci rahamarki su ga ranar da za a buɗe ƙofar Halla. Ni kuma ki yafe mini tukunyar nan. Farantan na wanke na ajiye a kabad ɗinki sai Burbara mai zuwa. Na ƙirga su, bakwai ne. Amin.